Yadda ake amfani da antibodi wajen gane garin furen ciyawa a binciken aleji

Duk wanda ya taɓa zama gaban maikuroskof yana ƙirga garin furen da aka kamo daga iska ya san inda gizo ke saƙa idan aka zo kan ciyawa. Na bishiyoyi da sauƙi, kowanne da siffarsa, wani huda uku, wani ƙayoyi a jiki. Amma na ciyawa duk kamar su ɗaya, ƙwaya ce zagayayya mai huda ɗaya tal da ɗan zobe kewaye da hudar, shikenan. Yawancinsu girmansu tsakanin maikuromita 20 zuwa 45 ne, in ka cire masara da tata ƙwayar ke haura 80. Dangin nan da ake kira Poaceae kuwa yana da nau'i sama da 11,000, shi ya sa a rahoton masu ƙirga sai dai ka ga an rubuta "ciyawa" kawai an sa lamba a gaba, ko wace ciyawa ce oho.

Toh ga likitan da mara lafiyarsa ke atishawa da ƙaiƙayin ido da asma wannan lambar ba ta isa ba, domin ba kowace ciyawa ce ke ɗauke da furotin iri ɗaya ba. A nan antibodi ke shigowa, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ke gane wani takamaiman abu ya manne masa. Shi ba ruwansa da siffar ƙwaya, furotin ɗin da ke cikinta yake kamawa. Amma bari in faɗa tun yanzu kafin ka kashe kuɗin bincikenka: antibodi da wuya ya ba ka sunan ciyawa guda. Aikinsa kamar tsagar gado ce a fuska, za ta gaya maka gidan da mutum ya fito amma ba za ta gaya maka sunansa ba. In ka yarda da wannan tun farko aikin zai yi maka daɗi.

Fara da sanin wane furotin kake nema

Furotin masu tada aleji suna da tsarin suna, haruffa uku na farkon sunan jinsi, harafi ɗaya na nau'i, sai lamba. Ciyawar da aka fi nazari a duniya ita ce Phleum pratense ta ƙasashen sanyi, don haka za ka ta cin karo da Phl p 1, Phl p 5, Phl p 7, Phl p 12 da sauransu. Na Lolium perenne su ne Lol p 1 da Lol p 5, na ciyawar Bamuda Cyn d 1, na Paspalum notatum, wato ciyawar Bahiya, Pas n 1, na masara Zea m 1. Lambar ita ce rukuni, kuma rukuni biyu ne za su fi yi maka aiki.

Rukuni na 1 kusan kowace ciyawa na da shi, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari na masu alejin ciyawa jininsu na da IgE, wato irin antibodin da jiki ke yi a aleji, a kansa. Rukuni na 5 kuwa na ƙaramin dangin Pooideae ne, wato ciyayin ƙasashen sanyi irin su Phleum da Lolium da Dactylis da Poa. Ciyayin ƙasashen zafi, Panicoideae da Chloridoideae, ba su da shi. Ka ga kenan da antibodi biyu kacal ka riga ka raba ciyawa gida biyu: in samfurinka ya amsa rukuni na 1 ya kuma amsa na 5, akwai Pooideae a ciki, in ya amsa na 1 kaɗai na 5 shiru, to ciyawar zafi ce ke yawo.

Wannan maganar ta shafe mu kai tsaye. Gero, dawa, masara, rake, gamba, ƙyasuwa, ƙarangiya, tofa, harƙiya, duk Panicoideae ne. Burburwa da guɗe-guɗe Chloridoideae ne. In ka yi odar kayan ELISA, wato gwajin auna yawan furotin da antibodi a faranti, na Phl p 5 daga Turai, ka auna iskar Kano ko Maraɗi a ƙarshen damina lokacin da ƙyasuwa ta cika bakin hanya, abin da za ka gani kusan sifili ne, sai ka je ka rubuta cewa babu furotin ɗin aleji a iska alhali mutane na ta fama. Ba kayan ne suka lalace ba, tambayar da ka yi musu ce ba tasu ba. Alkama ce 'yar Pooideae a wajenmu, ita ma noman rani ake yi kuma galibi a cikin furenta take barbara, ba ta watsa gari da yawa a iska. Masu bincike a Queensland ta Ostareliya, irin su Janet Davies, sun daɗe suna nuna cewa ciyayin zafi kamar Bahiya da Bamuda sai an auna su da nasu furotin, don abin da aka gina kan Phleum ba ya kama su duka.

Rukuni na 7 da na 12 kar ka ɓata lokacinka a kansu in ganewa kake so. Furotin ɗinsu, polcalcin na 7 da profilin na 12, suna nan a bishiyoyi da ganyaye da yawa, za su amsa maka ko ba ciyawa a wurin.

Monokulonal ko folikulonal

Folikulonal shi ne wanda ake samu daga jinin zomo ko akuya bayan an yi musu allurar furotin, taron antibodi ne kowanne na kama wani gefe daban. Yana da arha, yana da ƙarfin sigina, amma ba ya zaɓe. Babbar matsalarsa a aikin tsirrai ita ce sukarin da ke manne jikin furotin ɗin tsiro, wanda ake kira CCD, kusan iri ɗaya ne daga ciyawa har bishiya, kuma jikin zomo na yin antibodi a kansa, sai ka ga komai ya amsa. Rukuni na 1 ma na ɗauke da irin wannan sukarin.

Monokulonal, wanda Köhler da Milstein suka ƙirƙiro hanyarsa a Kambirij a 1975, wuri guda tal yake kamawa a jikin furotin, shi ne na ganewa. Sai dai shi ma ba a ɗaukarsa da ido rufe. Furotin rukuni na 1 a tsakanin ciyayin Pooideae jerin amino asid ɗinsu ya yi kama da juna wajen kashi 90, tsakaninsu da Cyn d 1 kuwa wajen kashi 70, don haka monokulonal da aka yi kan Lol p 1 zai iya kama Phl p 1 daidai wa daida, wani kuma ya kama har Bamuda, wani ya ƙi, ya danganta da inda ya faɗa. In kai ne za ka sa a yi maka sabo, ka jera jerin furotin ɗin ciyayin da kake son rabawa a kwamfuta, ka nemo inda suka saɓa, a yi wa ɓeraye allura da guntun wannan wajen, sannan a tace da duka ciyayin ba da wadda ake nema kaɗai ba.

Ka tara garin furen da ka san asalinsa

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa don ba shi da armashi, kuma shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Ka fita gona da jeji lokacin fure, ka yanko kawunan ciyayi, kowace iri daban, ka kai wa masanin tsirrai ya tabbatar da sunanta kuma ka ajiye busasshen reshe guda a matsayin shaida. Ka tsoma gindinsu cikin kwalbar ruwa a ɗaki marar iska, kawunan sun sunkuyo kan farar takarda mai santsi, iri ɗaya a ɗaki ɗaya ko aƙalla a kwali rufaffe, da safe za ka tarar da ɗan rawayan gari ya zubo. Ka tankaɗe da rariyar lab don cire guntayen fure, ka duba kaɗan a maikuroskof ka ga ko akwai baƙo ko funfuna, ka busar da silika, ka rufe ka sa a firiza a kan digiri 20 ƙasa da sifili. Takardar envelof ake zuba ɗanye ba leda ba, leda na sa shi gumi, kuma da zarar ya jiƙe furotin ya fara fita kenan.

Daga kowanne ka jiƙa awo ɗaya cikin PBS, ruwan gishirin lab, ko amoniyam baikabonet, ka juya shi a sanyi na 'yan awanni, ka sa a santirifuj, ka auna yawan furotin, ka daidaita su duka su zama ɗaya. Sannan ka ɗiga su a jere kan takardar naitiroselulos ka zuba antibodinka ka ga wa ya amsa wa ya ƙi. Ka haɗa da tsirrai biyu ko uku da ba ciyawa ba. Wanda ya amsa ka bi shi da westan bulot, gwajin da ke jera furotin gwargwadon nauyinsu, don ka tabbatar layin ya fito a inda ya kamata, rukuni na 1 da na 5 duk a wajen kilodalton 30 suke fitowa, wanda kuma ke nufin ba za ka iya raba su da nauyi kaɗai ba. Teburin da ka samu daga wannan gwajin, wato antibodi kaza ya kama ciyawa kaza da ƙarfi kaza, shi ne abin da za ka riƙa fassara duk sakamakon iska da shi.

Kamo samfur daga iska

Na'urar da aka saba da ita ita ce irin ta Hirst ta 1952, wadda kamfanin Burkard ke ƙerawa, tana zuƙar lita 10 na iska a minti ɗaya ta manna ƙura kan tef mai danƙo da ke juyawa milimita 2 a awa. Don ƙirga ba ta da na biyu. Don antibodi kuwa da ɗan ƙyar. Yi lissafin da kanka: lita 10 a minti kubik mita 14.4 kenan a wuni. A ce akwai ƙwaya 50 a kowace kubik mita, ka kama 720. Aikin HIALINE da aka yi a ƙasashen Turai daga 2009 zuwa 2011 ƙarƙashin Jeroen Buters ya nuna ƙwaya ɗaya na fitar da Phl p 5 daga ƙasa da fikogiram 1 zuwa wajen 9, matsakaici biyu da ɗoriya (fikogiram 1,000 ke yin nanogiram 1). Sai ka ga duk abin da ka tara a wuni bai kai nanogiram 2 ba, ka narkar da shi a mililita ɗaya ka riga ka kusa ƙasan abin da ELISA ke iya gani. Su masu HIALINE ɗin na'urar ChemVol suka yi amfani da ita mai zuƙar lita 800 a minti, tana kuma raba manyan ƙwayoyi da ƙanana. In ba ka da halinta akwai ƙaramar saikulon da ke zuba ƙurar kai tsaye cikin ɗan bututun roba a bushe, ta fi tef sauƙin wankewa. Abin da ya fi dai shi ne ka ajiye biyu gefe da gefe a saman rufi, ɗaya ta ƙirga ɗaya ta furotin.

Kar ka taɓa ɗaukar silaid ɗin da aka riga aka rina da fuksin aka rufe da jelin gilisarin ka ce za ka yi masa antibodi, balle wanda aka dafa da asid irin hanyar Erdtman, wannan ɓawo kawai ya rage, furotin ya tafi. In tef ɗaya gare ka, ka tsaga shi biyu a tsaye tun yana bushe, rabi na ƙirga rabi na gwaji. A lokacin hunturu kuma ƙurar harmatan na toshe bakin na'ura tana cika filta, ka riƙa duba saurin iskar kullum, in ba haka ba kubik mitar da za ka raba da ita ƙarya ce.

ELISA ɗin kansa

Mai hawa biyu ake yi, antibodi ɗaya ya kama daga ƙasa ɗaya ya gano daga sama, kuma dole su zama masu kama wurare daban a jikin furotin ɗin. Ka shafa na farko a faranti mai rami 96 cikin bafar kabonet mai pH 9.6 ya kwana a firji. Washegari ka wanke da PBS mai Tween 20 kashi 0.05, ka toshe sauran fili da BSA, furotin ɗin jinin shanu, kashi 1 na awa ɗaya, ka wanke, ka zuba samfura da ma'aunin furotin da aka san yawansa ana rage shi rabi rabi a layi. Bayan nan na biyun mai bayotin, sai sitireftabidin da ke manne wa bayotin, mai ɗauke da sinadarin HRP, sai TMB wanda HRP ke canza wa launi. Ramukan da ke da abin nema za su fara yin shuɗi kana kallo, ka zuba asid ɗin tsayarwa su koma rawaya, ka karanta a nanomita 450. Wannan duk mai aikin lab ya iya.

Inda ake faɗuwa shi ne kwantirol, wato ramukan da ka riga ka san amsarsu don gwada aikin. Kowane faranti ya kasance da ruwan filta sabuwa da aka kai rufin aka dawo da ita ba a kunna na'ura ba, da ramin da ba a sa antibodi na farko ba, da ciyawar da ka san za ta amsa, da wadda ka san ba za ta amsa ba. Ka kuma ɗauki samfurin iska ɗaya ka ƙara masa sanannen adadin furotin ka ga ko zai dawo maka cikakke, don ƙura da hayaƙi na iya danne sigina. Kowane samfur ka tsarma shi hawa uku aƙalla, in amsoshin ba su bi juna ba akwai abin da ke katsalandan. Daga ƙarshe ka ninka abin da ka samu a mililita da yawan ruwan da ka jiƙa, ka raba da iskar da aka zuƙa, ya ba ka fikogiram a kubik mita. Wani abu kuma, in ma'auninka Phl p 1 ne amma iskarka gero da gamba ce, lambar da ta fito ba ainihin yawan furotin ba ce, kwatankwacin Phl p 1 ce, haka za ka rubuta ta.

In kana son ganin ƙwayar da idonka

ELISA na niƙa komai wuri ɗaya, ba zai gaya maka wace ƙwaya ce ta fitar da furotin ba. Hanyar da ni na fi so don wannan ita ce ta halojin, mai nuna da'ira kewaye da ƙwaya, wadda Euan Tovey da abokan aikinsa suka inganta a Sidni. Ƙwayoyin da ka kama kan tef mai gani garau sai ka manna su a takardar PVDF mai riƙe furotin, ƙwayar ta maƙale a tsakiya ba inda za ta, ka jiƙa da bafa na wasu awanni, furotin ya fito ya manne daidai kewaye da ƙwayar da ta fitar da shi. Ka toshe, ka sa antibodi, ka sa mai launi irin BCIP da NBT. A maikuroskof za ka ga ƙwayoyin ciyawa guda biyu kusa da juna iri ɗaya sak, ɗaya da da'ira mai ruwan shuni kewaye da ita ɗaya fayau ba komai. Ka ƙirga masu da'ira ka raba da jimilla. Sai dai ka tuna ƙwayar da ruwan sama ya riga ya wanke ita ma fayau za ta fito ko da 'yar gidan ce.

Masu son fitilar fuloresens su yi hattara, ɓawon garin fure da kansa yana haske, musamman a kore da shuɗi, mutum sai ya ɗauka antibodi ne ya kama. Ka zaɓi rini mai ja can ƙurya irin Alexa Fluor 647, kuma kullum ka duba ƙwayar da ba a sa wa komai ba tukuna. Haka nan in ka daskarar da ƙwayar da ruwan fomalin na yau da kullum, rukuni na 1 da na 5 cikin mintoci suke ficewa kafin maganin ya riƙe su, shi ya sa masu aikin maikuroskof na lantarki suka koma daskarewa ba da ruwa ba.

Saurin ficewar nan ba matsalar lab kaɗai ba ce. A 1992 Cenk Suphioglu da Bruce Knox da tawagarsu a Melbon ta Ostareliya sun nuna cewa ƙwayar Lolium in ta sha ruwan sama fashewa take, ta saki ƙananan ƙwayoyin sitaci wajen 700, ƙanana sosai da za su iya gangarawa can cikin huhu, kuma da antibodi suka tabbatar furotin ɗin da yanzu ake kira Lol p 5 na jikinsu. Waɗannan ba mai ƙirga da zai gan su a matsayin garin fure. Ranar 21 ga Nuwamba 2016 guguwa mai tsawa ta ratsa Melbon a tsakiyar lokacin furen ciyawa, dubban mutane suka cika asibitoci da asma, mutum 10 suka rasu. Don haka in na'urarka na raba girma, kar ka zubar da sashen ƙananan, ka gwada shi daban musamman ranakun ruwa.

Jinin marasa lafiya da DNA

Wasu na sa ruwan jinin masu aleji a madadin antibodin da aka ƙera. Yana da amfani amma wata tambaya daban yake amsawa, wato me jikin mutanen nan ke yaƙa, ba wace ciyawa ce wannan ba, don IgE ɗin mutum ɗaya na iya kama ciyayi goma. In za ka yi, sai da izinin kwamitin ɗa'a da yardar masu jinin a rubuce. Inda ya fi armashi shi ne gwajin hanawa: ka fara cuɗa jinin da ruwan Phleum ya sha abin da zai sha, sannan ka zuba shi kan farantin da aka shafa wa ruwan gero ko gamba. Duk siginar da ta saura tana nuna akwai abin da ke cikin tamu ciyawar da Phleum ba ta da shi, wanda kuma ke nufin gwajin fata da aka yi da ruwan Phleum kaɗai zai iya kuskure wasu marasa lafiya.

In kuwa lallai sai ka ji sunan jinsi, ka ware wani ɓangare na samfurin tun yana bushe don DNA. Aikin PollerGEN a Birtaniya ya yi haka da sassan DNA da ake kira ITS2 da rbcL, sakamakon ya fito a 2019, ya nuna jinsunan ciyawa na karɓa karɓa a iska cikin kakar fure ɗaya. DNA zai ba ka suna amma ba zai gaya maka yawan furotin ɗin da ya fito ba, antibodi zai ba ka wannan. Ɓangaren DNA ɗin ka sa shi a nasa bututun daban tun a rufin, da safar hannu sabuwa, ka rubuta kwanan wata da awannin da na'ura ta yi a kunne, don in wuta ta ɗauke tsakar dare ba ka lura ba lissafin wunin gaba ɗaya ya tashi aiki.